Takarda, sel ko kwali: wace hanyar tsoffin masu katun ta dace da kai?

Duk wanda ya ƙudurta yin katun da hannunsa, zane bayan zane, zaɓin da ke gabansa an riga an gwada shi tun kafin fim ya fara magana. Daga 1906 zuwa 1928 masu zane a Amurka da Faransa da Jamus da Rasha da Ajantina sun bi kusan kowace hanya da ake iya bi, kowa da abin da ya matsa masa lamba. Wani ba shi da kuɗi, wani ba shi da mataimaki, wani kuma ya sa hannu a kan yarjejeniyar kawo sabon fim kowane mako. Yawancin kayan aikinsu bai wuce takarda da tawada da almakashi da gilashi da fitila ba. Kyamara ce ta fi tsada a lokacin, ita kuwa yau tana aljihun kowa. Fina-finansu da yawa suna nan, ana ganin abin da kowace hanya ta haifar, an kuma san watannin da ta ci, don haka ana iya kwatanta su da ma'auni.

A fara da lissafi, domin shi ke yanke rabin hukunci. Fim ɗin wancan zamani mai faɗin milimita 35 yana ɗauke da hoto 16 a kowace ƙafa ɗaya, ana juya shi da hannu a kan saurin da ya kama daga hoto 16 zuwa 18 a sakan. Minti ɗaya ke nan hoto 960 a mafi ƙaranci. Masu katun sun gano da wuri cewa ido yana yarda idan an ɗauki kowane zane sau biyu, sai aikin ya ragu zuwa zane 480. A ma'aunin yau na hoto 24 a sakan, wannan dabara tana nufin zane 12 a sakan, 720 a minti. Rim ɗin takardar A4 guda 500 ne, wato bai cika sakan 42 ba. In kowane zane zai ci maka minti goma, minti ɗaya na fim awa 120 ne a kan tebur, ban da ɗauka da gyara.

A cikin kowane hoto kuma akwai abin da ke motsi, akwai abin da ke tsaye. Mutum yana tafiya, bishiya da gida suna nan inda suke. Kowace hanya a nan amsa ce ga tambaya guda: yaya za a yi da abin da ba ya motsi, don kada a sake zana shi sau ɗari bakwai?

Takarda zalla

J. Stuart Blackton ya yi Humorous Phases of Funny Faces a New York a 1906 da alli a kan baƙin allo. Yana zanawa, ya ɗauka, ya goge wani sashe, ya sake zanawa. Hanya ce mai araha, amma abin da ka goge ya tafi ke nan, kuma shatin allin da aka share yana taruwa har allon ya yi fari. Ta isa gwajin yini ɗaya, ba ta kai a gina fim a kanta ba.

Émile Cohl ne ya fara nuna abin da takarda za ta iya. Fantasmagorie, wanda kamfanin Gaumont ya nuna a Paris a watan Agusta 1908, zane ne kimanin 700, kowanne an ɗauke shi sau biyu, tsawonsa bai kai minti biyu ba. Cohl yakan ɗora takarda a kan gilashi mai fitila a ƙasa, ya aza sabuwa a kai, ya bi shatin ta ƙasa yana canza ɗan abu kaɗan. Da baƙar tawada ya yi zanen a kan farar takarda, sai aka wanke fim ɗin a juye, layin ya fito fari a kan baƙi kamar alli. Amsarsa ga tambayar abin da ba ya motsi ita ce ya kore shi gaba ɗaya. Babu gida, babu bishiya mai tsayawa. Kwalba tana rikiɗa ta zama fure, giwa ta zama gida, komai yana cikin sauyawa. Wannan hanya har yau ita ce mafi sauƙin shiga. Matsalarta ɗaya sananniya: tunda kowane zane daga na bayansa ake kwafo shi, kuskure yana taruwa, mutumin da ka fara da shi yana ƙanƙancewa ko ya kumbura ba ka sani ba. Maganinta ka ajiye zane na farko a gefe, bayan kowane zane goma ka ɗora shi a ƙasa ka duba girman kai da tsawon jiki.

Winsor McCay ya ɗauki hanya mafi wuya. Ya yi Little Nemo a 1911 da zane kusan 4,000, sannan Gertie the Dinosaur a 1914 da kusan 10,000, duka a kan siririyar takarda shara-shara da ake kira takardar shinkafa. A Gertie akwai dutse da tafki da bishiya a bayan dabbar, kuma wani matashi maƙwabcinsa, John Fitzsimmons, shi ya sake kwafe su a kan kowace takarda ɗaya bayan ɗaya. Ana manna kowane zane a kan kwali, a daidaita shi da 'yan alamomin gicciye da ke kusurwoyi. In ka kalli fim ɗin da kyau za ka ga layukan duwatsun suna ɗan rawa, saboda hannun ɗan Adam ba ya maimaita layi daidai sau biyu. Wasu suna son wannan rawar, tana sa hoton ya zama kamar yana numfashi. Amma kuɗinta mutum guda ne cikakke da ba ya yin komai sai kwafi.

Abin koyi a wurin McCay shi ne yadda yake tsara motsi. Yakan zana farkon motsi da ƙarshensa, sannan na tsakiya, sannan tsakiyar kowane rabi. A ce hannu zai ɗaga cikin zane 17: sai a zana na 1 da na 17, a zana na 9, sannan na 5 da na 13, a ci gaba har a cike. Da haka girman jiki ba ya gocewa, kuma kana sanin inda motsi zai tsaya tun kafin ka kai can. Inda masu koyo ke faɗawa shi ne su raba tazarar daidai wa daida, motsin ya fito a sandare kamar na inji. Jiki mai rai yana farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sassauta a ƙarshe, don haka zanukan su cunkushe a farko da ƙarshe, su yi tazara a tsakiya. McCay ya kuma riƙa maimaita jerin zane guda, kamar lokacin da Gertie ke rangaji ko numfashi, ya samu sakanni da yawa daga zanuka kaɗan. Nauyin da ake ji a jikin dabbar nan idan ta ɗaga ƙafa daga wannan tsari ya fito, kuma a ganina duk wanda zai yi katun ta kowace hanya ya kamata ya yi wata guda yana wannan atisaye a kan takarda.

Turaku biyu da yagaggiyar takarda

Raoul Barré, mutumin Montreal da ya buɗe situdiyo a New York tare da Bill Nolan, ya warware matsala biyu da McCay ya bari. Ta farko daidaita takardu. Maimakon alamomin gicciye da ake bi da ido, sai ya huda ramuka a gefen kowace takarda, ya kafa turaku a teburin zane da irinsu sak a teburin kyamara. Takarda ta shiga turaku, ta zauna wuri ɗaya kullum. Wannan ƙaramar dabara ita ce ta fi kowace daɗewa, har yau masu zanen hannu da ita suke aiki. Ana iya haɗa ta a gida da abin huda takarda na ofis da gutsuren fensir ko ƙusoshi biyu masu kaurin ramin, a kafe su a jikin rula. Sharaɗinta a huda duk takardun da abin huda guda, 'yan kaɗan-kaɗan, kamar biyar a lokaci ɗaya, gefensu a jingine da abin tsayarwa. In ka cusa ashirin, na ƙasa suna zamewa, ramukan su goce, fim ɗin ya riƙa karkarwa. In turakun sun fi ramin siranta, haka ma.

Ta biyu ita ce hanyar yage. Ana zana wuri sau ɗaya a takardar ƙasa. Mai motsi yana takardar sama, sai a yage duk farin da ke kewaye da shi, a bar shi haɗe da gefen da ke da ramuka, zanen wuri ya leƙo ta inda aka yage. Fari a kan fari, bakin yagen ba ya fitowa a fim matuƙar haske ya daidaita. Yagewa da hannu ta fi yanka da reza, domin bakin yage yana sirancewa a hankali, shi kuwa yankan reza yana da kaifin da ke jefa inuwa. Dole a danne takardun da gilashi, fitilu biyu su haska daga hagu da dama daidai ƙarfi. Fitila ɗaya kawai, sai ka ga siririn baƙin layi yana tsalle kewaye da mutumin a kowane hoto.

Wannan hanya ce ta ba katun ɗin Amurka na shekarun 1910 da 1920 kamanninsu. Layin ƙasa yana can sama, gida a kusurwa, tsakiyar hoto fari fat. Ba a iya sa launin toka ko zane mai yawa a inda mai motsi zai ratsa, don farin da ya rage a jikin takardarsa zai rufe shi. Wanda ya zaɓe ta ya tsara wurarensa da wannan a zuciya tun daga farko.

Felix, kyanwar da Otto Messmer ya zana a situdiyon Pat Sullivan daga Feline Follies na 1919, ya nuna wata gajeriyar hanya. Ana zana shi a kan takarda, zanen wuri kuma a kan fallen roba mai garai-garai guda ɗaya da ake azawa a sama. Falle ɗaya ke nan ga fage guda, maimakon ɗaruruwa. Layukan wurin suna bi ta kan mai motsi, amma tunda jikin Felix baƙi ne wuluk, baƙin layi yana ɓacewa a cikinsa. Baƙin jikin ya kuma rage aiki, babu ninkin tufafi, babu ƙananan layuka da za su yi rawa. A 1924 Bill Nolan ya ƙara zagaye siffarsa, saboda da'ira ta fi kusurwa saurin zanawa da sauƙin juyawa. Mai aiki shi kaɗai da ke son zanen hannu, wannan ce hanyar da ta fi kama da ƙarfinsa.

Sel

Earl Hurd ya nemi rajistar mallakar fasaharsa a watan Disamba 1914: a zana mai motsi a kan fallen seluloyid mai garai-garai, wanda ake kira sel, a aza shi a kan zanen wuri guda. John Randolph Bray, mai wani situdiyon katun da ke da nasa rajistocin, ya haɗa kai da shi, suka riƙa karɓar kuɗin lasisi daga sauran situdiyo har zuwa 1932. Wannan kuɗi da tsadar sel ɗin kansa ne suka sa mutane da yawa suka daɗe a kan takarda.

Matakan su ne: a yi motsin da fensir a takarda, a aza sel a kai a bi layin da tawada ta gaba, a juya shi a cike da fenti ta baya don kada fentin ya taɓa layin, a bari ya bushe, a ɗora a kan zanen wuri, a danne da gilashi, a ɗauka. Ana iya raba mutum ɗaya gida biyu, jiki a sel guda da ba ya canzawa, hannu ko baki a wani. Ribar a bayyane take. Wuri yana iya zama cikakken zane mai inuwa da zurfi, mai motsi ya ratsa ko'ina. McCay da kansa ya koma sel a The Sinking of the Lusitania na 1918, don teku da hayaƙi da sararin sama masu launin toka ba za su kwafu da hannu sau dubbai ba. Duk da haka ya ci zane kusan 25,000 da wata 22, fim ɗin kuma minti 12 ne.

Sel bai rage yawan zane ba, ƙara matakai ya yi. Abin da ya kawo shi ne damar raba aiki, kamar shagon ɗinki mai mai yanka da mai ɗinki da mai aikin wuya da mai guga. Ƙwararre yana zana manyan motsi, mataimaki ya cike tsakani, wani ya bi da tawada, wani ya shafa fenti. Da wannan tsari situdiyon Bray ya iya fitar da fim a kai a kai. In mutum ɗaya ne zai yi duk matakan, kowane zane ya ninka masa lokaci.

Ga kuma lahaninsa. Sel ba garai-garai yake ɗari bisa ɗari ba, kowane falle yana shan ɗan haske. In an jera uku ko huɗu, zanen ƙasa yana dusashewa, kuma fenti iri ɗaya yana fitowa daban a falle na sama da na ƙasa, hannu ya fi jiki haske. In a wani hoto falle biyu ne, a na gaba uku, hasken wurin gaba ɗaya yana tsalle, don haka ake saka fanko don adadin ya zauna daidai. Yana jan ƙura, yana ɗaukar shatin yatsa, yana mayar da hasken fitila cikin kyamara in ba a karkatar da fitilun kusan digiri 45 ba. Na wancan lokaci kuma mai saurin kama wuta ne, ana wanke shi a sake amfani da shi har ya cika da ƙarce. Robar da masu bayindin ke sa wa a bangon takardu tana iya tsayawa a madadinsa yau, amma a lokacin hunturu ƙura za ta wahalar da kai, kowace ƙwayar da ta sauka tana fitowa tana walƙiya a hoto guda ta ɓace a na gaba. Shawarata a nan a tsaye take: wanda ke son sakamakon sel ya zana a takarda, ya ɗauki hoton zanen, ya jera shi a kan wuri a cikin manhaja irin Krita ko OpenToonz, waɗanda kyauta ne. Aikin sel ɗin ne suke yi, babu ƙura, babu dusashewa.

Kwafi daga mutum mai rai

Max Fleischer ya nemi rajistar na'urar rotoskop a 1915, aka ba shi a 1917. Ya ɗauki ƙaninsa Dave a fim sanye da kayan ɗan kama, sannan ya haska hotunan ɗaya bayan ɗaya a bayan gilashi ya bi shatinsu. Daga nan Koko, ɗan kaman katun na jerin Out of the Inkwell, ya fito, da motsi mai santsi da ya ba mutanen lokacin mamaki. Mutane suna ɗauka wannan hanya ce ta sauƙi. Yawan zanen bai ragu ko ɗaya ba, ga kuma aikin ɗaukar ɗan wasa. In aka bi shatin da biyayya, layi yana rawa kuma mutumin yana fitowa kamar ba shi da nauyi, domin katun yana bukatar a ƙara gishiri a lanƙwasa da miƙewa. Amfaninta yana wurin motsin da ke da wuyar ƙirƙira da ka, irin rawa ko kokawa ko yadda babbar riga ke kaɗawa in an ɗaga hannu. A nan ma gara a kwafi manyan tsayuwa kawai, a cike tsakani da hannu.

Kwali da almakashi

Dogon fim ɗin katun na farko da aka sani da kwali aka yi shi. Quirino Cristiani ya yi El Apóstol a Buenos Aires a 1917, zambo ne ga shugaban ƙasa Hipólito Yrigoyen, kusan minti 70, hoto 58,000, cikin kimanin shekara guda. Gobara ta cinye shi a 1926. Mafi tsufa da ya rage a duniya shi ma na kwali ne, Die Abenteuer des Prinzen Achmed na Lotte Reiniger, wanda ta ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, ta yi shi daga 1923 zuwa 1926 a wani ɗaki da ke saman gareji a Potsdam ta Jamus. Mijinta Carl Koch ne ke kula da kyamara, Walter Ruttmann da Berthold Bartosch suna yin sararin sama da teku da abubuwan sihiri. Mutane 'yan kaɗan suka fitar da minti 65 cikin shekara uku. A ajiye wannan kusa da minti 12 na McCay cikin wata 22, bambancin ya isa hujja. Dalili shi ne ana yin mutumin sau ɗaya, daga nan sai matsar da shi, babu sake zane.

Teburin Reiniger gilashi ne, fitila a ƙasa, kyamara a sama tana kallon ƙasa. Ana shimfiɗa takarda shara-shara a kan gilashin don hasken ya bazu. Wuri ana gina shi da ninkin irin wannan takarda, ninki ɗaya toka mai haske don dutse mai nisa, biyu ko uku don na kusa, baƙin kwali don abin da ke gaba. Mutanen baƙin kwali ne, inuwarsu kawai ake gani. Launin da ke fim ɗin rina shi aka yi bayan an wanke.

Mutum mai sauƙi yana bukatar gutsure 16: kai, wuya, ƙirji, ƙugu, sannan kowane hannu uku, kowace ƙafa uku. Nata sun fi haka yawa, har da yatsu da gashin tsuntsu. Kowace gaɓa a bar mata zagayayyen baki da zai hau kan na kusa da ita, in ba haka ba haske yana leƙowa ta gwiwa idan ta lanƙwashe. A huda da allura, a zura siririyar wayar ƙarfe, a lanƙwasa ta ta kwanta a gaba da baya. In gaɓar ta yi tsauri, ka taɓa hannu jiki duka ya biyo. In ta yi sako-sako, ƙafa tana zamewa da kanta tsakanin hoto da hoto. Daidai ita ce wadda ke juyawa da bakin allura, ta tsaya inda aka bar ta. Reiniger tana haɗawa da siririn fallen dalma don gutsuren su yi nauyi su kwanta, saboda zafin fitila yana nannaɗe kwali, gefen da ya ɗaga kuma yana fita daga fokas. Dalma guba ce, kada a fasa batir don nemanta. Fallen gwangwanin lemo da aka miƙar aka shafa wa baƙin fenti, ko ƙaramar washa da aka manna a ƙugu, suna ba da nauyin, kuma fitilar LED ba ta da zafin da zai nannaɗe kwali. A kashe fanka kafin a fara.

Iyakar hanyar a fili take. Mutum a gefe kawai ake ganinsa. In zai juya, sai an yi wasu siffofin tsakani da za a musanya. In ana son ganin fuskarsa kusa, sai an yanka wani babba daban, don haka kowane jarumi yana da girma biyu ko uku. Babu murmushi, babu hawaye, duk abin da zai faɗa da karkatar kai da buɗewar yatsu zai faɗe shi, kuma a nan gwanintar Reiniger take. Babu kuma damar zana farko da ƙarshe kamar McCay. Gaba kawai ake yi, in gwiwar hannunka ta bugi gilashi a hoto na 200, fagen daga farko. Manhajojin waya irin Stop Motion Studio sun rage wannan haɗari, suna nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, ana iya mayar da gutsuren inda yake.

'Yan tsana

Władysław Starewicz yana aiki a gidan adana halittu a Kovno, wato Kaunas ta Lithuania a yau, a 1910, ya so ya ɗauki faɗan wasu manyan ƙwari, suka ƙi motsi a ƙarƙashin fitilu. Sai ya ɗauki matattu, ya cire ƙafafun ya sa waya, ya liƙa da kaki, ya motsa su hoto bayan hoto. A 1912 a Mosko ya yi The Cameraman's Revenge da irin waɗannan 'yan wasa. Tanadin iri ɗaya ne da na kwali, ga ƙarin zurfi da juyawa kowane ɓangare. Sai dai 'yar tsana a tsaye take, nauyi yana jan ta. Dole a kafe ƙafarta ta ƙarƙashin dandamali, wayar ciki tana karyewa bayan yawan lanƙwasa, yatsunka suna canza kwanciyar tufafinta a kowane hoto, kuma sai an gina ɗaki ko gari an haska shi kamar na fim ɗin gaske. Ta dace da wanda hannunsa ya fi sabawa da sassaƙa da ɗinki a kan zane.

To wace za a ɗauka?

In burinka ka iya motsi, ka zama mai zanen katun, takarda da turaku, fim na sakan 30 zuwa minti ɗaya, wuri kaɗan irin na Felix. In kana da labari mai tsawo, tatsuniya ko tarihi na minti biyar zuwa goma, kuma kai kaɗai ne ko ku biyu, kwali ne zai kai ka ƙarshe, inuwa kuwa ta fi kwali mai launi yafe kuskure, domin ba a ganin waya ko manne ko tabo. Sel na gaske sai ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar da ɗaki mai rufuwa. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya ƙaro sani a Kanada wurin shahararren mai katun Norman McLaren, ya yi Bon Voyage Sim a 1966 da zane mai sauƙin layi, ya yi Samba le Grand a 1977 da 'yan tsana. Ya zaɓi hanya gwargwadon labari da abin da hannu zai iya kaiwa, kuma aikinsa ya nuna waɗannan tsofaffin dabaru suna aiki a inda babu babban situdiyo.

Kowace ka ɗauka, kyamara tana iya ɓata ta. Tsoffin masu katun sun sha fama da hoto mai ƙyaftawa, saboda hannun da ke juya kyamara ba ya ba kowane hoto haske daidai. Waya tana yin irin wannan da kanta in an bar ta tana sauya haske da fokas, don haka a kulle su duka kafin hoto na farko. A ɗaure wayar a jikin katako, kada a taɓa ta, a ɗauka da maɓallin iyafis ko rimot. A rufe taga, domin rana tana tafiya. Wutar janareto tana hawa da sauka, fitila mai caji kuma tana dusashewa a hankali yadda ido ba ya lura sai an kunna fim ɗin, don haka a gama fage guda a zama guda da fitila cike da caji.

Kafin ka sayi kaya da yawa, yi gwajin sakan goma ta hanya biyu. Mutum ya shigo, ya sunkuya ya ɗauki abu, ya fita. Hoto 120 ne a ma'aunin 12 a sakan. A takarda, taku biyu zane 12 ne da za a iya maimaitawa, sunkuyawar ce za ta ci sabon zane. A kwali, duk 120 ɗin sai an matsar da hannu. Rubuta awannin da kowanne ya ci, ka ninka da tsawon fim ɗin da kake so. A duka biyun ka sa ido a kan ƙafar da ke ƙasa. Ita ba ta motsi ko kaɗan har sai ɗayar ta sauka, jiki ne ke wucewa ta kanta. A takarda ka ɗiga alama a inda diddige ya taka, ka kwafe ta a kowane zane. A kwali ka danne tafin ƙafar da bakin allura da hannun hagu, ka matsar da ƙugu da na dama.